Kafireta a Hanyar Kebbe

Ban so zuwa Kebbe ba. Akwatina a ɗaure yake, na gama sallama da duk wanda nake ganin ya kamata, sai Goggo ta tashi da safe ta ce ba inda za ni sai na je na durƙusa a gaban iyayena.

Goggo yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni ranar da aka yaye ni, a ɗakinta na tashi a Tambuwal. Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce, jinin Fulani ya yi mana yawa ta wajen kaka. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa duban idona ya ce mini ko sannu ba. In na shigo zaure yana ciki, nan take zai tuna yana da aiki a waje. In dole ta sa ya yi magana a kaina, sai ya ce wa Goggo "ɗiyarki". Ni ma ba na ce masa Baba. Malam nake cewa, shi ma a bayan idonsa. Shi ya sa ni a makaranta, shi ya tsaya har na gama sakandare duk da surutun dangi, amma ko wannan a bakin Goggo na ji.

To, a gaya mini amfanin tafiya sallama wurin mutanen da ba za su yi maka magana ba. Na tambayi Goggo haka, ta ce in rufe mata baki in ɗauko mayafi.

Abin da ke cina shi ne lokaci. Shekarar da aka sauke tutar Turawa ce, da kaka, an ɗauke ni koyon aikin jinya. An gaya mana duk waɗanda aka ɗauka daga lardinmu za su hallara a Sakkwato da safe a kwashe su gaba ɗaya, wadda ba ta nan kuwa a ba ta bayanta gurbin. Motar da mutum zai dogara da ita daga Tambuwal ɗaya ce, babbar motar da ke tashi ranar kasuwa bayan azahar. Sauran masu wucewa a cike suke zuwa, ko kallonka ba sa yi. In na rasa wannan, na rasa Sakkwato, in zauna wata shekara a tsakar gidan Goggo ina tsince tsakuwa a shinkafa. Da na tuna haka sai in ji ƙafafuna na ƙaiƙayi.

Goggo ta ce ba komai, ai Malam ya yi mota, ranar kasuwa da sassafe zai mayar da mu.

Malam malamin dabbobi ne na En'e, wato hukumar gargajiya, a Kebbe aka ajiye shi. Baturen likitan dabbobi da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, da ya tashi naɗe kayansa zai koma ƙasarsu, ya sayar masa da tsohuwar motarsa. Baƙa ce, mai ƙusumbi a baya kamar kunkuru. Malam ya yi mata rumfa a inda dokinsa yake a da, yana wanke ta da kansa, yana shafa mata baya in zai wuce. Baƙa yake kiranta, da irin muryar da yake wa goɗiya magana. Direban Baturen ne ya koya masa tuƙi a gurguje kafin su tafi, ya kuma nuna masa wata 'yar ƙusa ta tagulla a gefen inji, ya ce masa ta nan take cin abinci. Wannan magana ita ta ja mana komai.

Sallamar ta kasance yadda na zata. Na durƙusa a ƙofar ɗakin mahaifiyata, ta juya baya tana gyara shimfiɗar da ba abin da ya same ta. Daga baya ta aiko wa Goggo ƙwaryar man shanu, wai a ba yarinya. Malam kuwa ya wuni yana duba shanun da ba su da ciwo.

Ranar kasuwa na tashi tun kafin kiran salla, na yi wanka, na fito da akwati na zauna a kansa. Gari ya waye. Aka kawo kunu. Aka zo gaishe da Goggo, aka sake zuwa gaishe da Goggo. Malam ya shiga mota ya murɗa, ta yi gurnani ta yi shiru, ya murɗa har batir ya mutu. Sai ya ciro wani lanƙwasasshen ƙarfe ya zura mata a hanci yana juyawa da hannu. Hantsi ya ɗaga kafin ta kama, kuma da ta kama, baƙin hayaƙin da ta tusa ya kori kajin unguwar duka. Warin fetur har cikin maƙogwaro.

Goggo ta shiga gaba da bisimilla, ƙwarya a cinya. Ni na shiga baya. Kafin mu tashi Malam ya sa hannu ya juya madubin ciki ya kalli rufi, kada idonsa ya faɗa cikin nawa.

An yanke gero, dawa na tsaye dama da hagu ta fi motar tsawo. Hanyar yashi ce da sawun shanu, nan da can ruwan ƙarshen damina ya kwanta. Muka wuce masu jakuna da suka yi sammakon kasuwa, Goggo na ɗaga musu hannu kamar matar Razdan. Ni kunnena na kan injin. Ba tafiya take ba, ɗingishi take. Bub, bub, bub, sai ta haɗiye ɗaya, ta zabura, ta sake. Da muka gangara wata fadama muka fara hawa, ta yi tari mai nauyi, ta girgiza, ta mutu a gindin wata tsamiya.

Malam ya fita ya ɗaga murfin gaba. Na fito ni ma, na tsaya ta bayan Goggo inda zan iya leƙe. Ya ɗauko sukudireba ya sa a kan 'yar ƙusar nan ta tagulla, ya warware ta. Ya ƙara warwarewa.

Goggo ta ce, "Auta, mi as same ta?" Shi ne autansu, kuma ita kaɗai ke iya kiransa haka.

Ya ce, "Kafireta."

"Yo ai na san kafira ta. Wa ka tsammanin motar Nasara ta yi salla? Mi as same ta nic ce."

"Yaya, sunan wurin ke nan. Kafireta. Nan mai ka haɗuwa da iska."

"Sunan wuri? A cikin ciki nata? Kuma kas sa ni ciki da alwalata?" Ta ja da baya tana karkaɗe zane. "A'uzubillahi."

Bai kula ta ba. Ya ce, kamar mai gaya wa makiyayi ciwon saniyarsa, "Yunwa taka ji. In dabba ta rame tana tari, ƙara mata akai. Kullum in ta yi hakanga nika buɗe mata kaɗan."

Kullum. Na ji kalmar har cikin haƙorina.

A makarantarmu akwai wata Baturiya mai koyar da kimiyya, doguwa, busasshiya, wadda ta tuƙa motocin ɗaukar marasa lafiya a lokacin yaƙi. Ba ta yarda kowa ya taɓa 'yar motarta. Ranar Asabar takan buɗe gaban motar ta kira duk wadda ke kusa ta riƙe mata kaya, kuma ni ce kullum a kusa, don na fi son wannan da saƙa. Ita ta nuna mini cewa inji ba mai kaɗai yake sha ba, da iska yake haɗawa, kuma iskar ta fi man yawa nesa. In mai ya yi yawa, hayaƙi ya yi baƙi, inji ya yi ɗingishi. In ya yi kaɗan, ya riƙa atishawa yana zafi. Ƙusar nan ita ke raba musu faɗa, kuma da kunne ake saita ta.

Na sani, ga shi a gabana, kuma ba ni da bakin faɗa. Tsakanina da Malam bai fi tsawon tabarma ba.

Na ce, "Goggo, ce mishi ba yunwa ba ta. Ƙoshi na. An shaƙe ta da mai."

Goggo ta zaro ido. "In ce mishi mi?"

"Ki ce shi bar buɗewa. Rufewa za a yi."

Ta juya ta gyara murya. "Auta, ɗiyata ta ce Allah shi ba da sa'a."

"Goggo, ba haka nic ce ba!"

"Haka nij ji."

Malam ya ji komai, ba kurma ba ne. Amma maganar da ba ta bi ta bakin Goggo ba, a wurinsa ba a yi ta ba. Ya zagaya gaba ya kama ƙarfen nan ya shiga juyi. Ya juya har hularsa ta faɗi. Rigarsa ta jiƙe ta manne a baya. Motar ta yi bub sau ɗaya, kamar mai raina mutum, ta yi shiru. Fetur na ɗiga a yashi.

Na je na dawo. Na hau tudu na duba hanya, ban san abin da nake nema ba. Na sauko. Na ciro akwatina na ajiye a ƙasa, na mayar, na sake cirowa. Inuwar tsamiya sai tsukewa take tana komawa gindinta. Na auna tafiyar ƙasa a raina, na ga ko gudu na yi ba zan kai ba.

Sai ga masu jakunan da muka wuce. Suka zo suka wuce mu ɗaya bayan ɗaya, kowa da sannunsa. Na ƙarshensu, wani tsoho mai buhunan gero, ya ja linzamin bakinsa bai iya ba.

"Sannu Malam! Ko a kama muku jaki guda a ɗaura mata?"

Goggo ta ce, "Wuce da tsohon jakinka, kai da shi ba a san wa ka ɗaukar wani ba."

"Mu dai muna isa, Hajiya!"

Wannan ya ishe ni. Na zagaya bayan motar, na zura yatsa a bakin salansa, na fito da shi baƙi ƙirin, har da danshi. Na dawo na miƙa hannun a kan injin, daidai inda Malam ke kallo, amma fuskata na wajen Goggo.

"Goggo, diba. In murhunki na baƙin hayaƙi hakanga, icce kika ƙara mishi?"

"Wace mahaukaciya ka ƙara icce? Zare mishi akai, a hura."

"To shi na. Icce ya yi mata yawa."

Goggo ta dubi yatsana, ta dubi motar. Ta tauna goron da ke bakinta. Sannan ta ce, da ƙarfi yanzu, "Auta, wagga magana ta mata ta, ba ta dabbobi ba. Kuma gaskiya ta."

Malam ya ja da baya daga injin. Ya ɗauki hularsa ya kaɗe. Ya ajiye sukudireba a kan murfin taya, ya ajiye ƙarfen kwance fulogi kusa da ita, ya jera su sosai. Sai ya taka zuwa bakin gona ya tsaya yana duban zangarniyar dawa, hannu a baya, kamar an aiko shi daga Sakkwato ya ƙiyasta amfanin bana.

Ban jira an ce mini komai ba. Na ɗaure mayafi a ƙugu na kwance fulogin, na jera su a kan akwatina yadda ba zan rikita wayoyinsu ba. Kowanne ya yi baƙi ya jiƙe kamar gindin tukunya. Ina buƙatar abin kankara. Na duba ko'ina, sai idona ya sauka a kan magogin goron Goggo da ke leƙowa daga bakin zanenta.

"Ke! Kul!"

Na riga na zare.

"Magogina za ki sa ma kafira? Da mi zan ci goro? Haƙora gare ni?"

"In saya miki sabo in na fara aiki."

"Ki fara isa tukuna, uwar gaggawa. Ke ko a ciki ba ki cika wata tara ba."

Na kankare su, na goge da gefen mayafi, na hura, na shanya a rana kaɗan, ba don na so ba. Na mayar. Sannan na kama ƙusar tagulla na shiga ɗaurewa. Na yi ta juyawa, na yi ta juyawa, ba ta kai ƙarshe ba. Watanni Malam ya yi yana ciyar da ita. Da ta ɗauru tam na dawo da ita baya kaɗan yadda na ga Baturiyar na yi.

"Goggo, ce mishi a tayar."

Wannan kam ta faɗa daidai. Ya dawo ya kama ƙarfe. Ina tsaye a gefen injin, yana sunkuye a gabansa, ina jin numfashinsa, ina ganin furfurar da ta fara fito masa a bayan kunne. Ban taɓa sanin yana da ita ba. Ya juya, ya sake, motar ta kama. Na danna sandar totur da hannu na riƙe ta da rai har ya zagaya ya shiga ya ɗora ƙafa.

Daga nan aikin na mutum biyu ne. Ƙusar a lungu take, kusa da ƙarfe mai zafi, sai na sa hannu biyu. Shi kuma dole ya riƙa sassauta ƙafa a hankali ina saurare, har mu kai inda za ta tsaya da kanta. Murfin gaba a ɗage yake tsakaninmu, ba ya ganina, ba na ganinsa. Goggo ta tsaya a tsakiya, a gefen taga.

"Ce mishi shi rage!"

"Mi?"

"Shi rage ƙafa!"

"Auta, wai ka rage... ke, ƙafa ko mai?"

Ya ɗauke ƙafar gaba ɗaya. Ta mutu.

Ya fito, ya juya ƙarfe, ya koma. Na ce a taka, kafin maganar ta zagaya ta bakin Goggo, da ƙarin "don Allah" da "in ba damuwa" da ta ga ya dace a sa wa babba, motar ta sake mutuwa. Na buga sukudireba a ƙasa.

Da aka sake tayarwa Goggo ta ce bari ta ga hayaƙin da idonta. Ta zagaya baya ta sunkuya daidai lokacin da Malam ya taka. Sauran baƙin da ke cikin bututun ya fito mata a fuska. Ta taso tana tari tana salati, ta wuce gindin tsamiya ta zauna ta miƙe ƙafa.

"Na gama. Wallahi na gama. Ga ku ga kafirarku, ku ji da ita."

"Goggo!"

"Ba ni ji."

Inji na ruri, ƙafar Malam ta yi nauyi, ba zan iya jin komai ba a wannan ƙara. In ya saki, ta mutu. In bai saki ba, mu kwana nan. Na dubi rana, ta kusa tsakar ka. Ban yi tunani ba. Na daki gefen motar da tafin hannu na daka mata tsawa.

"Ke Baƙa! A ɗaga miki ƙafa kaɗan!"

Rurin ya sauka. Kaɗan, daidai yadda na ce.

Na tsaya da sukudireba a hannu. Sai na sunkuya na juya ƙusar. Ɗingishin ya ragu.

"Baƙa, a ƙara ɗagawa!"

Ya ƙara sauka. Ta yi kamar za ta shiɗe, na buɗe mata ɗan kaɗan, ta farfaɗo. Na rufe ido ina ji. Bub ɗin nan mai nauyi yana narkewa, bugun yana jeruwa, yana komawa kamar keken ɗinki a hannun tela mai sauri.

Sai na ji muryar Malam daga bayan murfin. Ba da ƙarfi ba, muryar da yake wa dabba.

"Baƙa, a sake ki duka, ko a riƙe?"

Na ce, "Baƙa, ce a sake ki."

Ya saki. Ba ta mutu ba. Ta tsaya da kanta tana kaɗawa a hankali, ƙwaryar man Goggo na rawa a kan kujera. Daga gindin tsamiya na ji an ce, "Ikon Allah. Ashe kafira ta fi ni iya kai saƙo."

Na ci gaba da ɗaurewa. Kowane juyi sai bugun ya ƙara sauri, ya ƙara tsabta. Hayaƙin baya ya washe har ba a ganinsa. Daɗi ya kama ni, na ƙara, na ƙara.

"Baƙa," in ji muryar, "numfashinki ya yi sama. Roƙi a maido miki kaɗan."

Baturiyar ma haka take yi, in ta kai inda ya fi sauri sai ta dawo baya kaɗan, ta tsaya ta saurara, ta taka, ta sake saurare, ta sha shayi. Ita ba motar kasuwa take bi ba. Na dubi inuwata, ta shige ƙarƙashin ƙafafuna.

Na ce, "Ba ta roƙi komi ba." Na saki murfin ya rufe da ƙara, na jefa akwati a baya.

Na shiga. Goggo ta shigo tana goge fuska, muka tashi.

Motar ta zama wata daba. Ta haye tudun da ya kashe ta kamar ba tudu ba. Dawa na wucewa fuu, yashi na tashi, kan Goggo na taɓa rufi in mun faɗa rami. Muka cim ma masu jakuna, suka watse cikin gona. Goggo ta fitar da kai har kafaɗa.

"Ina mai tsohon jaki? A kama maka mota a ɗaura mishi?"

Na zauna a bakin kujera, hannuna a kan makarin gaba, ina tura motar da cikina. Ban jingina ba ko sau ɗaya.

Mun yi nisa sosai kafin ta fara atishawa. Tas. Can kuma tas, tas. Zafi ya fara shigowa ta ƙasa yana gasa mana ƙafafu. Malam ya rage gudu, na ji kamar in ciji kujera. Muka hango manyan itatuwan bakin Tambuwal, har ƙurar kasuwa ana gani a sama. Nan farin tururi ya fito ta gefen murfi ya rufe gilashi, wani wari kamar an bar tukunya a wuta ba ruwa. Malam ya kauce gefe ya kashe ta da kansa.

Ya ɗaga murfi da tsumma. Lagireto, tankin ruwan inji, na tafasa yana huci. Ko ba a gaya mini ba na san sai ta huce, sai an nemo ruwa, kuma ba rijiya a kusa.

Goggo ta fito ta riƙe ƙugu ta dube shi, ta dube ni.

"Shi ya kashe ta da ƙoshi, ke kin kashe ta da yunwa. Jini guda. Allah shi sawwaƙe ma abin da ya faɗa hannunku."

Har yau a kan wannan take. Ni kuwa na ce lagireton nan tun zamanin Baturen yake yoyo, na ga tsatsa a gindinsa da idona. Ba mu daidaita ba, ba kuma za mu daidaita ba.

Iska ta kawo kiran azahar daga gari, siriri. Na ciro akwati, na naɗe mayafin da ya riga ya lalace na yi gammo, na ɗora a ka.

Goggo ta ce, "Haka za ki tafi?"

Na tsaya da kaya a ka. Malam ya ba ni baya, yana sunkuye cikin tururi, tsumma a hannu, yana taɓa abin da bai kamata a taɓa ba tukuna. Na buɗe baki ban san wa zan kira ba. Shi ya riga ni, ya ce wa Goggo, ba tare da ya juyo ba, "Yaya, ku tafi, rana na yi. Ki ce ma direba shi sa ta gaba, ba bisa kaya ba."

Na juya na kama hanya.

Ba gudu na yi ba, don akwatin ƙarfe ba ya barin mutum gudu, amma ban san na iya irin wannan tafiya ba. Yashi na cika mini takalma, na tuɓe su na riƙe. Goggo na baya da ƙwaryar man shanu, tun ina jin abin da take kira na har na daina ji. Na ratsa masu dawowa daga kasuwa, na ratsa 'yan awaki, na bi ta tsakiyar masu tukwane wata mata ta zage ni har kakata. Gumi na shiga idona ba hannun sharewa.

Babbar motar na nan. An gama lodi, an ɗaure igiya, mutane sun hau kan buhuna, inji na aiki. Direba ya dawo daga masallaci yana saka hula, ƙafarsa ɗaya a kan matakala. Na zagaya na tsaya a gaban hancin motar da akwati a ka.

Ya leƙo. "Ke, lafiya? Kauce!"

"Sakkwato za ni."

"Ta cika."

"To taka ni."

Ya danna ƙaho har kunnena ya toshe. Ban motsa ba. Na saman suka fara dariya, wani ya ce a ɗauke ta mana, wannan ko an bar ta biyo mu za ta yi da ƙafa. Ana cikin haka Goggo ta iso, ɗankwali a wuya, ba ta iya magana sai nuni. Direban ya san ta, kowa a Tambuwal ya san ta. Ya sauko ya gaishe ta, ya yi tsaki, ya ce a miƙa akwatin sama.

Gaba kam babu wuri, wani alhaji da ɗansa sun cika shi. Goggo ta samu numfashin da za ta isar da saƙon Malam, direba ya ce ya ji, aka ja ni bisa kaya. Na zauna a kan buhun albasa tsakanin wata mata mai goyo da kwandon zabi. Goggo ta miƙo ƙwarya, man ya narke yana bin hannunta. Tana faɗa mini wani abu game da salla da kuma bakina lokacin da motar ta ja, ban ji ƙarshensa ba.

Matar nan ta daɗe tana kallon hannuwana. Baƙi ya shiga ƙarƙashin farce, ya bi layin tafi, ga ƙuna a bayan yatsa inda ƙarfe ya taɓa ni.

"Amarya, wane irin lalle na wanga?"

Na ce ba lalle ba ne. Na goga a buhu, bai fita ba. Garin ya koma baya, gonaki suka fara, motar na rarrafe da nauyinta kamar ba ta san ana jiranta ba. Na gyara zama, na sake gyarawa. Na tambayi matar ko Sakkwato da saura nisa.

Ta ce, "Yarinya, yanzu fa munka tashi."